Amsar Tambaya: Ko Baƙo Zai Iya Shiga Filin Besbol Da Hular Abokan Hamayya?

Wannan tambaya ta fito ne daga wani mai sauraronmu, dattijo, mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano. Ya ce ɗansa da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin Niyok a Amurka ya aiko masa da takardar gayyata, kuma cikin abubuwan da yaron ya shirya masa har da zuwa birnin Boston kallon wani wasa da ake kira besbol. Yaron dai magoyin bayan kulob ɗin Yankees ne na Niyok, kuma ya ce da hular kulob ɗin za su shiga filin Red Sox, waɗanda su ne manyan abokan hamayyarsu. Alhaji ya ce shi fa ya san abin da kan sami magoya bayan baƙi a wasu filayen ƙwallo na nan gida, inda wani lokaci sai an fitar da su cikin motar 'yan sanda. Don haka yake tambaya, shin wane irin wasa ne wannan, kuma ba ganganci ba ne mutum ya kai kansa gidan abokin gaba da alamar da za a gane shi?

To Alhaji, mun gode da wannan takarda. Amsar a gajarce ita ce ka tafi, kuma ka sa hular in kana so. Amma da sauran bayani, don akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka zauna a wannan kujera.

Bari mu fara da hular kanta, don ka daɗe da saninta. Hular nan hana-sallah mai harafin N da Y a sarƙe, wadda samari ke saye a gwanjo suna yawo da ita a kasuwa, ai ita ce hular Yankees. Da yawa daga masu sa ta a nan ba su san ta wani kulob ba ce. A Boston kuwa babu wanda bai san ta ba, har yaro ɗan shekara biyar. Da ka sa ta ka faɗi ɓangarenka ke nan, ba sai ka buɗe baki ba.

Dalilin wannan hamayya tsoho ne. A ƙarshen shekarar 1919 mai kulob ɗin Red Sox ya sayar wa Yankees da wani ɗan wasa mai suna Babe Ruth a kan dala 100,000. Kafin wannan ciniki Red Sox sun ci kofin zakarun Amurka sau biyar, na ƙarshe a 1918, su kuwa Yankees ko sau ɗaya ba su taɓa ci ba. Bayan cinikin sai reshe ya juye da mujiya. Ruth ya zama gwarzon da ba a taɓa ganin irinsa ba, Yankees suka dinga kwasar kofi har sau 27, na ƙarshe a 2009. Mutanen Boston kuma suka shekara 86 suna jira. Kai da kake ɗan kasuwa ka san zafin sayar da kaya da safe, farashi ya ninka da yamma a hannun maƙwabcinka. Sai a 2004 suka huce haushi: Yankees sun ci su wasa uku a jere a gasar neman zuwa ƙarshe, saura ɗaya a sallame su, sai suka farfaɗo suka ci huɗu a jere, suka wuce suka ɗauko kofin. Tun daga nan sun sake ci a 2007 da 2013 da 2018. Wannan labari kowane mutumin Boston yana da shi a baki, kuma in ya ga hularka zai so ya tuna maka da 2004. Ka bar shi ya faɗa.

Yanzu wasan kansa. In ba ka san ƙa'idarsa ba za ka zauna kusan awa uku kana ganin mutane a tsaitsaye kamar masu jiran mota, jama'a na ta ihu ba ka san dalili ba. Filin yana da zango huɗu da aka jera a kusurwa huɗu, tsakanin kowane zango da na gaba yadi 30. Ɗaya daga cikinsu shi ake kira gida, nan mai duka yake tsayawa da kulkinsa na katako. Kowane ɓangare mutum tara ne a fili. Ɓangare guda ya watsu yana tsaro, kowa da safar hannu ta fata, ɗaya ɓangaren kuma 'yan wasansa su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya suna duka. A tsakiya akwai ɗan tudun ƙasa inda mai jifa yake tsayawa, nisansa da mai duka yadi 20 da 'yan kai. Ƙwallon ba ta fi lemun zaƙi girma ba, amma tauri gare ta kamar dutse, an naɗe ta da zare an rufe da fatar saniya. Gwanayen jifa sukan sake ta da gudun da ya haura kilomita 150 a awa, wato kafin rabin daƙiƙa ta iso. Shi ya sa wanda ke samun duka mai amfani sau uku cikin goma ana lissafa shi cikin gwanaye. Mutum na ƙarshe da ya kai huɗu cikin goma a kaka guda shi ne Ted Williams na Red Sox, tun a 1941.

In mai duka ya sami ƙwallon sai ya yar da kulki ya sheƙa zuwa zangon farko. In masu tsaro suka cafke ta a sama kafin ta taɓa ƙasa, ko suka riga shi kai ta zangon, to an kashe shi, kamar yadda mukan ce a wasan dara ko dambe. Haka in ya kai duka ya sami iska, ko ya ƙyale jifa mai kyau ya wuce, har sau uku, shi ma an kashe shi. In kuma mai jifa ne ya yi jifan banza har sau huɗu, sai a ba mai duka zangon farko kyauta. Wanda ya zagaye zangunan nan ya dawo gida lafiya ya ci ɗaya. Babban abin murna shi ne a maka ƙwallon ta tsallake katangar ƙarshen fili, abin da suke kira hom-ran, don a nan mai dukan da duk 'yan'uwansa da ke kan zanguna za su tako gida ba mai tare su. In an yi kisa uku sai a yi musanya, masu tsaro su koma duka. In kowane ɓangare ya yi nasa, an yi turmi ɗaya ke nan. Turmi tara ake yi, kuma babu kunnen doki, in an yi daidai sai a ƙara turmi har a sami wanda ya ci.

Ga wani abu da zai taimake ka gane naku. Bisa al'ada masu gida fararen kaya suke sawa, baƙi kuma masu ruwan toka, ko da yake yanzu akan sa wasu launuka a wasu ranaku. Kuma baƙi ne ke fara duka a kowane turmi, masu gida su rufe. Saboda haka in ka ga an tashi wasa a tsakiyar turmi na tara ba tare da Red Sox sun yi dukansu ba, kada ka ce an yi maguɗi. Suna gaba ne, babu abin da za su nema.

Da can wasan yakan ja sosai. A 2022 matsakaicin wasa ya ɗan haura awa uku. A 2023 aka kawo agogon da ke tilasta wa mai jifa ya saki ƙwallo cikin daƙiƙa 15 in babu kowa a kan zango, sai wasa ya dawo wajen awa biyu da minti 40.

To mu dawo kan ainihin damuwarka. A ƙwallon ƙafa na Turai akan ware wa baƙi nasu ɓangaren, a jera 'yan sanda a tsakani, wani lokaci ma a tsare su a ciki sai masu gida sun watse. A besbol na Amurka babu wannan. Tikiti lambar kujera ce kawai, kowa ya saya ya zauna. Za ka iya samun kanka da mai jar riga a dama, mai jar riga a hagu, tsohuwa da jikokinta a gaba. Ko kaɗan babu shinge. Mutum zai ɗauka wannan ya fi haɗari, amma a ganinmu shi ne ma yake kawo sauƙi. Kulob 30 ne a babbar gasar, 29 a Amurka ɗaya a Toronto ta Kanada, kuma kowanne yana buga wasa 162 a kaka, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, rabi a gida rabi a waje. Wanda aka ci yau gobe ma akwai wasa, sau da yawa da wannan kulob ɗin dai a wannan filin. Wasa ɗaya bai isa a zubar da jini a kansa ba. Mutane da iyalansu suke zuwa, ana hira ana cin abinci, ya fi kama da zaman dandali da yamma.

Amma ba za mu ce maka ba za a taɓa ka da baki ba. Za a yi maka ihu, za a rera wa Yankees waƙar zambo, wani zai nuno hularka ya yi magana jama'a su fashe da dariya. Ka ɗauke shi kamar wasan Bakatsine da Bahaɗeje, ko na Bafillatani da Babarbare: ana faɗa maka, kai ma kana iya mayarwa da murmushi, amma ba a kai hannu, ba a zagin iyaye. In naku suka ci, ka tashi ka tafa, hakkinka ne, kuɗi ka biya. Abin da ba a so shi ne ka juya ka fuskanci jama'a kana yi musu gwalo, ko ka daɗe a tsaye ka tare wa na baya. Wannan gargaɗin ma ɗanka ya fi bukatarsa, don jinin samari ya fi saurin hawa. Ka ja masa kunne tun a mota.

Inda haɗari yake na gaske shi ne wurin mashaya. Ana sayar da giya a filin, ko da yake akan dakatar da sayarwa kafin turamen ƙarshe. Yawancin rigima daga nan take tasowa, kuma ta fi faruwa bayan an tashi, a waje. A ranar buɗe kakar 2011 a birnin Los Anjalis, wasu mutum biyu suka yi wa wani magoyin bayan Giants na San Faransisko dukan kawo wuƙa a wurin ajiye motoci, ya sami rauni a ƙwaƙwalwa wanda ya nakasa shi. An kama su an ɗaure. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, shi ya sa ma har yau ake ba da labarinsa, amma ya faru. In ka ga wanda ya yi tatul yana neman ka da magana, kada ka tanka. Akwai ma'aikata masu nuna wa mutane kujera a kowace ƙofa, ka sa ɗanka ya gaya musu. Sukan fitar da mai fitina ko da ɗan gida ne. In an tashi ku bi ayarin jama'a, in kun ga dama ku cire hular ku sa a aljihu, ba tsoro ba ne.

Akwai kuma maganar launin fata, wadda bai kamata mu ɓoye maka ba. Jackie Robinson ne baƙar fata na farko da ya buga a babbar gasar ta zamani, a 1947, kuma Red Sox su ne kulob na ƙarshe da ya ɗauki baƙar fata, sai a 1959. A watan Mayun 2017 wani ɗan wasan Baltimore mai suna Adam Jones ya ce an yi masa zagin wariyar launi a wannan fili, har aka jefe shi da ƙunshin gyaɗa. Hukumar kulob ɗin ta nemi gafararsa, washegari kuma da ya fito duka jama'ar filin suka miƙe tsaye suka tafa masa. A cikin makon nan aka haramta wa wani ɗan kallo shiga filin har abada saboda irin wannan kalma. Mun kawo maka duka biyun ne, zagin da tafin, don ka san irin garin da za ka.

Filin da kansa abin kallo ne. Sunansa Fenway Park, an buɗe shi a 1912, kuma shi ne mafi tsufa a babbar gasar. Yana ɗaukar mutum dubu 37 da ɗoriya, wato ƙarami ne in an gwada da na Yankees. Da yake an matse shi ne a tsakanin titunan gari, ɓangaren hagu ya gajarce, sai aka tayar da wata katanga mai tsawon ƙafa 37 aka shafe ta da koren fenti, suna kiranta Koren Dodo. Ƙwallon da a wani fili da ta fita, a nan sai ta bugi katanga ta dawo. A gindin katangar akwai allon sakamako wanda har yau mutane ne a ciki suke sauya lambobin da hannu. Can ɓangaren dama kuma, a tsakiyar kujeru koraye, za ka hango guda ɗaya ja. Nan ne ƙwallon Ted Williams ta sauka a 1946, nisan ƙafa 502 daga inda ya doke ta.

Tsufan filin yana da nasa wahalar. Wasu kujerun na katako ne, matsattsu, mai jiki zai sha fama. Akwai kuma ginshiƙan ƙarfe da ke riƙe da rufin, in aka yi rashin sa'a sai ka biya kuɗi ka ƙare da kallon ginshiƙi. Ɗanka ya duba da kyau kafin ya saya. In da hali ya nemi ɓangaren zango na uku, don nan ne rumfar 'yan wasan baƙi take, kuma magoya bayansu sun fi taruwa a bayanta. Farashin tikiti kamar na hatsi yake, yana hawa da sauka gwargwadon masu nema, kuma ranar da Yankees suka zo gari ai ranar tsada ce. Kada ku sayi na 'yan bakin titi. Tikitin yanzu a cikin wayar hannu yake, a ciki kuma da kati ake sayayya, don haka damin kuɗin da ka saba riƙewa a aljihun 'yar ciki ba zai yi maka aiki ba. Kada ka ɗauki babbar jaka, za a mayar da kai daga ƙofa.

Daga Niyok zuwa Boston wajen kilomita 350 ne, ya fi Kano zuwa Kaduna, kamar awa huɗu a mota ko jirgin ƙasa in hanya ta yi kyau. A cikin gari gara ku bar mota ku shiga jirgin ƙasa na cikin birni ku sauka a tashar Kenmore, daga nan tafiyar 'yan mintoci ce a ƙasa. Wurin ajiye mota kusa da filin tsada gare shi. Akan buɗe ƙofa awa ɗaya da rabi kafin wasa, kuma wanda ya yi sammako yakan tarar da 'yan wasan baƙi suna gwajin duka. In a Afrilu ko Satumba ne ka tafi da rigar sanyi, don daren Boston ya fi hunturun Kano cizo. Wasan dare yakan fara da misalin ƙarfe bakwai, a tsakiyar shekara kuma rana ba ta faɗuwa can sai bayan takwas, wato magariba za ta same ku a ciki, kuma wanda ya fita ba a barinsa ya koma da tikitin. Ku yi shawarar wannan tun a gida, ko ku zaɓi wasan rana.

Abinci kuwa, abin da aka fi ci shi ne wani naman da aka niƙa aka ɗura aka sa cikin burodi. Irin wannan sau da yawa akan haɗa da naman alade, sai ka tambaya ko ka haƙura. Amma ga abin da zai ba ka dariya: babban abin taɓawa a filin besbol gyaɗa ce, soyayya da ɓawonta, ana ɓarewa ana zubar da ɓawon a ƙarƙashin kujera ba mai cewa don me. Akwai gugguru ma. Sai dai in ka ji kuɗin ƙulli ɗaya ka lissafa shi da naira, za ka ce gara da ka taho da tiya guda daga Dawanau.

Kafin a fara za a rera taken ƙasa, kowa ya miƙe, maza su cire hula. Kai ma ka miƙe. A tsakiyar turmi na bakwai za ka ga duk filin ya sake tashi tsaye ana miƙa ana waƙa, kada ka zaci tashi aka yi, al'ada ce ta warware gajiya. A Boston suna da wata waƙar kuma da suke rerawa tare a turmi na takwas. In ruwa ya sauko za a ja wata ƙatuwar tamfol a rufe tsakiyar filin a jira, wani lokaci fiye da awa guda. In an soke wasan tun ba a yi nisa ba, kada a goge tikitin, akan yi amfani da shi ranar da aka sake sawa.

Abu na ƙarshe, kuma kada ka raina shi: idonka a kan ƙwallo. Sau da yawa duka yakan kauce ƙwallon ta yo cikin 'yan kallo da gudun da ba a kauce masa. A 2015 a wannan filin kulki ya karye, ɓarin ya sami wata mata a ka, aka fita da ita a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Daga baya aka ƙara tsawon ragar kariya a duk filayen, amma ba ko'ina ta rufe ba. In ƙwallo ta faɗo wurinka ka ɗauka, taka ce, ba a karɓewa, ko da yake an fi yaba wa babban da ya miƙa wa yaron da ke kusa. Abin da aka hana shi ne ka zura hannu cikin fili ka taɓa wadda ake wasa da ita. A ɗaya daga cikin wasannin ƙarshe na neman kofi a 2024, a filin Yankees, wasu 'yan kallo biyu suka riƙe hannun Mookie Betts na Dodgers suka ɓanɓare ƙwallo daga safarsa. Nan take aka fitar da su, daga baya aka hana su shiga kowane fili na gasar. Magoya bayan kulob ɗin ɗanka ne, sai ka tuna masa in ya fara cika baki.

Allah ya kai ka lafiya, Alhaji, ya dawo da kai lafiya. In ka dawo ka rubuto mana wanda ya ci, da kuma nawa ka sayi gyaɗar.